Ragnvald da Harsashin da Ba Ya Jiran Kowa

In ka ji an ce mutum ya fi bindigarsa ƙara, to a Granliden ba sai an kama suna ba. Ragnvald Edlund ake nufi. Ɗan kawuna ne, kuma shingenmu ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Mu nan kowa harsashi iri ɗaya yake harbawa, shida-da-rabi, sunan kaurinsa ke nan a milimita, wanda kakanninmu suka dawo da shi daga aikin soja. Ya girmi kowa a ƙauyen. Masu ƙera shi ba sa cika masa albarushi, saboda har gobe rabin gidajen arewacin ƙasarmu akwai tsofaffin bindigogin sojan nan a rataye, kuma ba mai son harsashinsa ya fasa wa wani dattijo fuska. Duk da haka ba mu taɓa jin älg, ƙaton gwankin dajinmu, ya kai ƙara cewa harsashin ya same shi a makare ba. Ragnvald ne kaɗai ya kai wannan ƙarar, shi ma don ya faɗi jarrabawa ne.

Dokar ƙungiyar farautarmu ce, duk watan Agusta kafin a shiga daji sai kowa ya je fili ya harbi gwankin katako. Gwankin a kan layin dogo yake tafiya. Zai fito ya tsaya, ka harba. Ya zura da gudu, ka ja sakatar bindiga ka sake harbawa kafin ya shige rumfarsa. Ya juyo, a maimaita. Harbi huɗu ke nan. Wanda ya faɗi shekara biyu a jere, an karɓe madakatarsa, wato wurin da yake zama ya jira nama, an ba na gaba a layi, kuma ba ta dawowa. Ragnvald ya riga ya faɗi sau ɗaya. Mai gudu dai gaba ake ba shi, ka auna ƙirji in kana son haƙarƙari. Shi kuwa duk a gindi ya zuba masa, har tsoho Helge mai duba huji ya ce da gwankin na gaske ne da ya rayu, sai dai zama zai gagare shi.

Madakatar tasa kuma ba irin ta kowa ba ce. Björnmyren ce, bakin fadamar da gwankaye ke ratsawa kamar an shimfiɗa musu kwalta. Kakanmu ne ya sare wurin, daga shi sai kawu, daga kawu sai Ragnvald. Na gaba a layi shi ne Pontus Wallmark, likitan haƙori, wanda ya sayi gidan hutu a bakin tafki ya shiga ƙungiya. Mutumin bai yi wa kowa laifi ba. Yana gaisuwa, yana zuwa aikin gayya, yana kawo giya mai tsada. Amma yakan tsaya a tsakiyar daji ya ɗaga murya ya ce, "Ku ji shirun nan, abin sha'awa." Kuma daga Stockholm yake. A wurinmu wannan ya isa laifi.

Wata safiya da ƙanƙara ta fara narkewa Ragnvald ya kira ni kicin ɗinsa. Na tarar da sabuwar bindiga a kan tebur, tsakanin man shanu da tukunyar gahawa. Matarsa Majvor tana yanka burodi a gefe kamar ba ta ganta ba.

"Sixten, taɓa nan," ya ce da ni. "Ƙarfen zamani ke nan. Wannan sakatar ko tankar yaƙi ta taka ta ba za ta ce uffan ba. Ka san abin da na gano? Cutarmu ake yi. Kwanson shida-da-rabi yana da ciki, amma abincin majinyaci ake ba shi saboda bindigogin tsofaffi. Ni da hannuna zan ɗura nawa, in ba shi ya ƙoshi."

Na ce ai ba sabon abu ba ne, mutane da yawa suna yi lafiya lau. Akwai littafinsa, akwai kuma iyakar da aka sa wa sababbin bindigogi.

"Na ga littafin. Lauyoyi ne suka rubuta shi. Kai dai bi ni a hankali. Me ya sa ake ba gwanki gaba?"

"Don yana gudu."

"A'a. Don harsashi yana nawa. In harsashi ya yi saurin da ya kamata, kafin gwanki ya ɗaga ƙafa an gama. Inda ka auna, nan zai shiga. Ka ga ke nan ba ni na faɗi jarrabawa ba, harsashi ne ya faɗi."

"To shi za a karɓe wa madakata ke nan," in ji Majvor. "Hankalina ya kwanta."

"Ke ba ki san kimiyya ba."

"Na dai san sabon rufin ɗakinmu ne wannan a kwance kusa da man shanu. Tsoho, da fili ka je ka yi atisaye kamar kowa, da ya fi sauƙi."

"Atisaye na wanda ba shi da basira ne."

Ya kwashe kekunan jikoki da injin yankan ciyawa daga gareji ya watsa su waje, ya kafa matsi da sikeli da gwangwanayen albarushi. Mai hankali daga ƙasa yake farawa, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan yana sauraron abin da bindiga za ta ce. Ragnvald kuwa inda littafin ya ce a tsaya, nan ya ɗora yatsa ya ce daga nan maza ke farawa.

Ƙungiya tana da na'urar auna gudun harsashi, ɗan akwati ne da ake kafawa a gaban bindiga, harsashi ya wuce ta samansa ya nuna lamba. Elof shugaban farauta ne ya ba shi aro. Elof dattijo ne wanda in ya yi maka magana biyu a rana ɗaya, to ka san ya ɗan sha. Harbin farko lamba ta fito, Ragnvald ya karanta mana ita da ƙarfi, ya sake karantawa don amfanin waɗanda ke bayan gida. Harbi na biyu ba lamba, ba kuma na'ura. Murfinta kaɗai muka tsinto a cikin ciyawa.

"Ba a yi ta don irin wannan gudun ba," in ji Ragnvald. "Iskar harsashin ce ta tarwatsa ta."

"Iskar ta bar huji a tsakiyar goshinta, daidai kaurin harsashinka," na ce.

"Ka ga ƙarfin iskar ke nan."

Elof ya karɓi murfin ya jujjuya shi. "Aƙalla wannan ba a gindi ka same ta ba," ya ce, ya sa a aljihu ya tafi.

Tunda babu sauran abin aunawa, sai Ragnvald ya koma aunawa da kunne: in ya fi na jiya ƙara, to an ci gaba. Nan sakata ta fara gardama. Duk wanda ya taɓa ɗura harsashi ya san ma'anar wannan. Kwanso ne ya kumbura ya manne, bindiga ke nan take ce maka ya isa haka. Ragnvald ya ce sabon ƙarfe ne, bai saba da aiki ba. Da farko da tafin hannu yake bugun ta, sannan da dunƙule, sannan da takalmi. Ranar Lahadi Majvor ta zo za ta bubbuga nama ta nemi gudumarta ta katako ta rasa. A fili ta same ta, rataye a ɗamarar mijinta da igiyar fata, kamar takobi.

"Ba ni gudumata."

"Ta shiga aikin ƙasa."

"To yau yadda saniya ta bar naman nan, haka za ka ci shi."

Daga nan filin harbinmu ya koma maƙera. Ƙara ɗaya mai girgiza haƙori, wuta kamu guda a bakin bindiga, sai kuma ƙwas, ƙwas, ƙwas. Duk wanda aka haɗa layi da shi sai ya tuna yana da aiki a gida. Karen Elof, wanda ya taɓa tsare beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, shi kaɗai a daji, da ya hango motar Ragnvald sai ya shige ƙarƙashin rumfar gahawa, ba ya fitowa ko da tsoka.

Sai ya yanke shawarar cewa rashin santsi ne matsalar, ya shafe harsasansa da man shanu. Na ce masa kwanso mai santsi ba ya kama bangon bindiga, duk ƙarfin kan sakata zai koma. Ya ce hassada ce ke damuna tun muna yara. Ya harba. Wani hayaƙi mai ƙamshin suya ya feso ta baya, girarsa ta hagu ta tafi. Ya kwana biyu yana yawo da fuskar mai mamakin abu da rabin zuciya, yana gaya wa mutane cewa dama girar tana tare masa madubin awo.

Daga baya ya lura cewa in harsashi ya yi sanyi, sakata takan buɗu da duka biyu maimakon goma. Wannan ma ba darasi ya zame masa ba, dabara ya zama. Ya mayar da firiza ma'ajiyar makamai. Ranar da matan coci suka zo ɗinki gidan, Majvor ta ɗauko robar da take ajiye 'ya'yan itacen lingon ta juye a kwano a gaban matar fasto, sai ga harsasai sun zubo ƙararas, farare da ƙanƙara. Matar fasto ta ce ita dama ta ƙoshi.

Duk wannan wahalar, gwankin katako bai daina shan harbi a gindi ba. Sai dai hujin ya matso gaba da kamar faɗin yatsa biyu. Ragnvald ya ɗauko abin awo ya durƙusa ya auna.

"Ka gani? Tafiya ta miƙa. Saura kamu biyu mu kai haƙarƙari. Lissafi ne kawai."

"A wannan lissafin," na ce, "kafin ka kai haƙarƙari sai ka ɗura masa garejin gaba ɗaya."

"Kai matsalarka ba ka da hangen nesa."

Mun sha dariya duk tsawon bazara. Da Agusta ya kama sai dariyar ta fara maƙale mana a wuya, don mun tuna wanda ke gaba a layi. An ma ga likita ya je Björnmyren da ƙafa, wai shan iska, da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Ni da Elof muka ɗauki kwalin harsashin kanti muka je gareji. Elof ya ajiye kwalin a kan tebur, ya tura shi gaba da yatsa ɗaya. Jawabinsa ke nan.

"Ku kai wa likita," in ji Ragnvald. "Shi ya saba da abu mai laushi. Ni na wuce nan. Ku rufe ƙofa in nuna muku."

Ya buɗe tafin hannunsa. Wasu 'yan ƙwayoyi ne marasa nauyi, masu siririyar riga, irin waɗanda ake harbin dila da hankaka da su.

"Ƙaramin kaya, babban gudu. Kwanson ya ƙi karɓar ƙarin albarushi, to sai a rage masa lodi. Direban babbar mota ma ya san wannan."

"Doka ba ta yarda a harbi gwanki da wannan ba," in ji Elof.

"Na katako dai doka ba ta ce komai ba."

"Ka gwada su?" na tambaya.

"Gwaji na mai shakka ne. Ranar Asabar za ku gani tare da kowa."

Wanda ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba, amma wannan karon in ya gani har da mu za a gani. Saboda haka aka kira taro a bayan gidan Elof, ranar da ake buɗe gwangwanin ruɓaɓɓen kifi. Da gangan aka zaɓi ranar, don mun san warin ba zai bar mutumin Stockholm ya matso ko bakin hanya ba. Ragnvald yana gareji. Majvor ce ta fara magana, tana naɗe kifinta da dankali da albasa a cikin burodi.

"In ya rasa Björnmyren, duk kaka a gida zai zauna. Tare da ni. Ku taimake ni."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Kuma ku kun san shi. Bakin nan ne kawai. Ranar da aka binne babansa, daga maƙabarta can madakatar ya wuce, da kwat ɗinsa na coci. Sai da na bi shi da abinci. In aka raba shi da wurin nan ban san abin da zai rage ba."

Kowa ya dubi farantinsa. Daga nan dabara ta fito, ban kuma san bakin da ya fara furta ta ba. Helge ne ke zama a rumfar da gwanki ke shiga, bayan tudun ƙasa, inda ba ya ganin mai harbi. Ji kuma dama ba ya yi, shi ya sa tun da daɗewa aka ba shi aikin. Shi ke duba huji, ya buga waya ya faɗi sakamako, ya liƙe hujin da takarda. In da ƙusa a hannunsa, ai ba sai ya jira harsashi ba.

"Ni ban ji komai ba," in ji Elof. "Akwai wata ƙusa a akwatin kayan aikina, kaurinta daidai. Nakan manta ban kulle shi ba."

Majvor ta ce a bar mata likita. Sauranmu aikinmu kallon sama. Helge kuwa sai da aka nuna masa yatsu huɗu, aka kwatanta masa da cokali a jikin burodi.

"Huɗu," ya ce. "Ko me ya faru?"

Muka gyaɗa masa kai. Ragnvald dai ba a gaya masa ba, don gaya masa daidai yake da sanarwa a rediyo.

Ranar Asabar aka tashi da zafin nan da ke zuwa mana sau ɗaya a shekara. Duk ƙauyen ya hallara, har waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, don labarin guduma ya zaga. Likita ya yi nasa harbin da safe da harsashin kanti, ya zuba huɗu a haƙarƙari, ya bi mutane yana ba da haƙuri wai sa'a ce kawai. Wannan ma ya ƙara mana haushinsa.

Ragnvald ya iso da akwatin sanyi a hannu ɗaya, bindiga a ɗaya, guduma tana lilo a ƙugu. Da ya bar harsasan a cikin ƙanƙara har layi ya zo kansa, da wataƙila an samu sauƙi. Amma ya ga taro. Sai ya fito da su ya jera a kan murfin motarsa, baƙar mota a tsakar rana, ya shiga yi wa mutane lacca a kan yadda masana'antu suka yi shekara ɗari suna raina mana hankali. Kafin Elof ya kira sunansa, harsasan sun yi zafin da sai da ya riƙa jujjuya su a hannu kamar gasasshen dankali.

A daidai nan Majvor ta dafe kumatu ta tare likita.

"Likita, don Allah ɗan duba min wannan na can ciki. Kwana nake ba barci."

"Ayya, Majvor, ba ni da kayan aiki a nan."

"Ido kawai za ka sa. Zo bayan rumfa, nan rana ta yi yawa."

Ba a haifi likitan haƙorin da zai ga baki a buɗe ya wuce ba. Ta ja shi bayan rumfar gahawa, ta zauna a kan akwatin lemo, ta wangame.

Gwanki ya fito ya tsaya. Ragnvald ya gyara tsayuwa, ya waiwayo ya tabbatar kowa na kallo, ya ja kunama. Ƙarar ta sa ƙararrawar wata mota ta kama kuka. Can tsakanin bindiga da gwanki muka ga wani ɗan hayaƙi toka-toka ya tashi a iska, kamar an busa gari. Ƙwayar ce. Siririyar rigarta ba ta iya jure gudun da juyin ba, ta tarwatse a hanya, ko ƙurarta ba ta isa katakon ba.

Gwanki ya zura da gudu. Ragnvald ya kama sakata, sakata ta ce ba ta san zancen ba. Ya zaro guduma. Duka na uku kan gudumar ya fita ya yi sama, ya sauka a cikin kwandon burodin kirfa. Ya koma duka da ƙotar. Gwanki ya juyo ya fito ya tsaya yana jira cikin ladabi. Ragnvald ya zauna a ƙasa, ya maƙale bindiga tsakanin gwiwoyi, yana dukan sakata da diddige. Gwanki ya gaji da jira ya ruga ya shige rumfarsa.

Sai wayar fili ta yi ƙara. Elof ya ɗauka, amma ba sai ya maimaita ba, don Helge in yana waya har ƙauyen gaba ana ji.

"Huɗu, duka a haƙarƙari. Ya ci."

Elof ya ajiye waya ya ce, "Ya ci." Mutane suka duƙufa kallon sama kamar ba su taɓa ganin gajimare ba. Na ruga na kama Ragnvald ta hammata.

"Tashi mu tafi gida. Ka ci. Kama bakinka, ka shiga mota."

Bai motsa ba. Ya ɓalle gidan harsashi daga ƙarƙashin bindiga yana kallon cikinsa. Uku suna nan ba a taɓa su ba. Na ga idonsa yana buɗewa a hankali.

"Sixten. Ɗaya na harba."

"Huɗu ka harba. Kowa ya ji."

"Ka ga hayaƙin nan a tsakiya? Rabuwa ya yi. Gida huɗu ya rabu, kowanne ya nemi haƙarƙari. Ba a taɓa yi ba, Sixten. A duk ƙasar nan ba a taɓa yi ba."

"To mu je gida ka gaya min a hankali."

"Ina likitan nan? Shi da ya yi karatu shi zai gane."

Ya fizge. Mutum uku suka yi ƙoƙarin tare shi da tayin gahawa, ya ratsa su. Muka bi shi bayan rumfa gaba ɗayanmu. Majvor tana zaune kai a sama, yatsun likita biyu a bakinta. Ta ga mijinta, ta ga harsasai uku a tafinsa, ta zaro ido ta yi wani gurnani. Likita ya ce ta yi haƙuri, ya kusa gamawa.

"Likita, bar haƙorin nan ka ji tarihi," in ji Ragnvald. "Kai harsashi huɗu ka ɓata ka yi huji huɗu. Ni ɗaya na harba. Ga sauran ukun, ƙirga da kanka."

Likita ya zare hannunsa ya goge, ya miƙa masa da fara'a.

"Barka, Ragnvald, abin mamaki. Sai dai ni na ɗauka doka ta ce harbi huɗu, biyu yana gudu. Ko ban fahimta daidai ba ne? Ku kuka fi ni sani." Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya kuma dubi Majvor da haƙoranta lafiyayyu. Mutumin ba wawa ba ne. Ya sassauta murya. "Ko da yake da zafin nan mutum yakan yi kuskuren ƙirga. Ni ban ga komai ba, ina nan baya."

Ka ji mutumin da muka haɗa kai don mu cuta. Shi da kansa ya buɗe ƙofa ya riƙe. Ba abin da ya rage sai Ragnvald ya bi ta ciki.

Elof ya cire tabar da ke ƙarƙashin leɓensa ya yar, ya yi magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa.

"Ragnvald. Rana ta yi zafi, kai yakan ruɗe. Mu duka huɗu muka ji. In huɗu ne, ka ci kamar yadda kowa ke ci, Björnmyren taka ce. In ɗaya ne, ka faɗi, kuma ka san doka. Kada ka yi sauri. Nawa ka harba?"

Elof ya yi niyyar alheri, amma da bai ce "kamar yadda kowa ke ci" ba. Na ga inda maganar ta soke shi. Ragnvald ya dubi matarsa. Ya dubi tsaunin da Björnmyren ke bayansa, ya daɗe yana kallo, har na fara sa rai. Sannan ya dubi taron, mutum sama da hamsin, kowa shi yake kallo, ba mai ko tari. Tun da aka haife shi bai taɓa samun masu sauraro irin wannan ba.

"Ɗaya," ya ce.

Majvor ta tashi ta kakkaɓe siket ɗinta. "Likita, bar nawa. Ga bakin da ke buƙatar aiki can."

Da Satumba ta zo, ni ne na kai mutane madakatunsu da mota safiyar buɗe farauta. Na sauke likita a bakin hanyar Björnmyren, da sabuwar rigarsa da ɗan matashin zama a hammata. Ya yi ta godiya har na ji kamar in koma da shi. Na biyo ta bukkar ƙungiya in sha gahawa kafin in wuce tawa madakatar. Wanda ba shi da madakata shi ke hura wuta, ya jira a kawo nama ya taya fiɗa. Ragnvald yana tsugune gaban murhu, ya tara matan da suka kawo abinci da tsoho Helge, yana zana musu da tsinke a toka yadda harsashi ke rabuwa gida huɗu. Helge yana gyaɗa kai, don ba ya jin komai.

Sai muka ji harbi daga bayan tsauni. Guda ɗaya, ba a ƙara ba. Duk wanda ya girma a nan ya san daga Björnmyren ne, ya kuma san abin da harbi ɗaya ke nufi: gwanki ya faɗi.

Ragnvald ya tsaya da tsinken a hannu.

"Harsashin kanti," ya ce. "Ku ji yadda ya fito a kasalance."

Ya ɗan tona tokar, ya share zanen. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sixten, bencin madakatar can ƙafarsa ta hagu tana rawa. Akwai wani dutse a gindin itacen da ke bayansa, Baba ne ya ajiye shi don haka. Ka gaya wa mutumin, kada ya faɗi."

Na ce zan gaya masa.

Daga nan bai ƙara magana ba har gahawa ta tafasa ta zube a wuta. Tun muna yara nake roƙon ranar da Ragnvald zai yi shiru. Da ta zo, ban ji daɗinta ba.